Kwana uku a Okland, awa biyu gaban kwamfuta

A shekarar 2000 na tashi daga Kano a jirgin KLM, muka yada zango a Amsterdam, sannan San Faransisko. Ƙanina da ke aiki a Okland shi ya ɗauko ni. Kashegari zai tafi aiki, ya ce maimakon in yini barci, in leƙa laburaren unguwarsu, ana koyar da intanet kyauta.

Ni da a lokacin ko linzamin kwamfuta ban iya riƙewa ba!

Mu takwas ne a ajin, yawanci tsofaffi, har da wata gyatuma 'yar Sin da jikanta ke mata tafinta. Ma'aikaciyar laburaren ta buɗe mana Netscape, manhajar shiga intanet ta wancan lokacin, ta nuna mana Yahoo, inda aka jera shafuka kashi-kashi kamar kantocin littattafai. Daga nan ta koma AltaVista, shafin da ake rubuta kalma ya nemo shafukan da ke ɗauke da ita. Ta ce kowa ya rubuta abin da ke ransa. Na rubuta Kano, da yatsa ɗaya. Sai ga sunayen Japanawa da wani ɗan wasan faɗa na kwamfuta sun cika min fuska, garinmu kuwa sai can ƙasa. Ta yi murmushi, ta sa na ƙara AND da Nigeria. Nan take tarkacen suka ragu.

Abin da ya fi zauna min shi ne inda ta tsaya ta ja mana kunne. Kowane shafi, ta ce, a tambaye shi abu uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma me yake nema a wurinka. A duba wutsiyar adireshin, edu ta jami'a ce, gov ta gwamnati, com kuwa ta 'yan kasuwa. Ina jin haka na tuna malaminmu na zaure, wanda ba ya karɓar hadisi sai ya ji isnadinsa. Ta kuma nuna mana jerin shafukan da ma'aikatan laburare suka tace da kansu, wanda aka faro a Bakle, maƙwabciyar Okland.

Da na gwada kalmar Hausa, sai na faɗa shafin koyar da Hausa na jami'ar UCLA da ke Los Anjeles, aikin Farfesa Russell Schuh, wanda mutanenmu ke kira Malam Takalmi. Ga gaisuwarmu nan a allo, har da "ina gajiya". Lokacina ya ƙare, wani dattijo na tsaye a bayana yana jiran kujera. Na roƙi a buga min shafi huɗu a takarda, na ninke su cikin fasfo, na fito neman tashar jirgin ƙasan yankin, wato BART.