Tonka biyar a tukunyar Link

Ɗarin hunturun bana a Tawa ya same ni ina buga Zelda: Breath of the Wild, wasan da Nintendo ta fitar a 2017, a na'urar wasa ta Switch da ƙanena ya aro mini. Ina lulluɓe da bargo a soro, shi kuwa Link, jarumin wasan, yana rawar ɗari kan dutsen Hylia, zukatansa, wato ma'aunin ransa, na raguwa ɗaya bayan ɗaya har ya faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe maganin yana gindin dutsen: jan tonka. Da farko na watsa shi cikin wuta kai tsaye, ya gasu kawai, bai tsare sanyi ba. Sai an sami tukunya, an hura wuta ƙarƙashinta. Kowane tonka da aka dafa a ciki yana tsare sanyi na minti 2 da rabi, biyar kuwa minti 12 da rabi, sun ishe ka kai ƙololuwa idan ba ka tsaya kallon ƙanƙara ba. Ni nakan sa nama ɗaya da tonka huɗu, don zukata su ƙaru. Kada dai ka haɗa da abin da ke da wani amfani daban, duka biyun za su lalace.

Inna ta leƙo ta ga tukunyar tana tsalle, ta ce, "Wannan yaro ya san yaji." Ta miƙo mini kunu mai zafi da citta.