Na haɗa ƙaramar Gadar Brooklyn, waya ta ba ni darasi

Gadar Brooklyn ta birnin New York, wadda injiniya John Roebling ya zana, rataye take a jikin manyan igiyoyin ƙarfe huɗu, kuma tsakanin hasumiyoyinta biyu mita 486 ne. Na haɗa samfurinta a ma'aunin 1 cikin 200: santimita 243 tsakanin hasumiyoyi, tsayinsu santimita 42, wayar ƙarfe mai kaurin milimita 2 a matsayin igiya, siririn falanki a matsayin titi.

Inda na fara shan kashi shi ne maɗauri. Na kafe bakin wayoyin da ƙusa, na jera buhunan yashi kilo 10 a kan titin, sai ƙusoshin suka tsige. Igiyar ta sauko santimita 20 ne kawai a tsakiya. Ninka nauyi da tsawo, ka raba da ninki 8 na wannan saukowar, za ka ga jan da ke bakin igiya ya kai kilo 15, ya fi kayan da aka ɗora. Shi ya sa Roebling ya binne bakin igiyoyinsa cikin tulin ginin dutse a kowace gaɓa. Ni dai noti da bulo suka fisshe ni.

Zaren rataya ma, wato wanda ke rataye titi a jikin igiya, kada a yanke shi tun farko. Igiya tana sauya siffa da zarar ta ɗauki kaya, don haka a fara ɗora yashin, sannan a ɗaure zaren daga tsakiya zuwa gefe.

Da na kunna fanka, titin ya dinga murɗewa kamar tabarma a iska, irin abin da ya kayar da gadar Tacoma ta Amurka a 1940. Na ja zare a karkace daga kan hasumiya zuwa titi, na ƙara masa haƙarƙarin katako, ya tsaya cak. A da na ɗauka wayoyin karkace da ke jikin ainihin Gadar Brooklyn ado ne.

Roebling bai ga gadar ba. Cutar tetanus ta kashe shi a 1869 bayan jirgin fito ya murƙushe masa ƙafa. Ɗansa Washington, da Emily matar Washington, suka kai aikin ga buɗewa a 1883. Ko da aka gano ɗan kwangila ya cusa waya marar kyau, ba a kwance ta ba, an ƙara wayoyi 150 ne a kowace igiya.