Duwatsun bakin kogi

Asabar, tsakiyar hunturu, Kaduna

Kwana huɗu ke nan ina gina hoton duwatsu a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D a kwamfuta, ina so ya fito kamar tsaunukan da ake hangowa a hanyar Kajuru. Na cika shi da ramuka da ƙusoshi har fankar kwamfuta tana huci. Da hoton ya gama fita wajen ƙarfe tara na safe, ƙanwata ta leƙo ta bayana riƙe da kofin kunu, ta ce, "Yaya, wannan ai soso ne, ba dutse ba." Gaskiya ta faɗa. Ni ma idona ya gaya min haka, inda matsalar take ne na kasa ganewa.

Da dabarar lissafin nan da masanin kwamfuta Ken Perlin ya ƙirƙiro a 1983 na fara, wadda take yayyafa tudu da kwari a jikin abu. Tana da amfani ƙwarai, amma ko'ina iri ɗaya take yi, sama da ƙasa, gaba da baya. Shi ya sa duk yadda na ƙara, sai sosona ya ƙara zama soso.

Bayan azahar an ɗauke wuta, sai na hau Keke Napep zuwa bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji. Ruwa ya ja baya sosai, duwatsun da damina ke ɓoyewa duk sun fito. Na cire takalmi na zauna a kan wani falalen dutse, na fi awa ɗaya ina kallo ina shafawa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawancin jikinsa sumul yake. Faɗi ne mai santsi, sai tsaga guda ɗaya doguwa ta ratsa shi, tarkacen duk a cikinta ya taru: yashi, tsakuwa, busasshiyar ciyawa. A gefe ɗaya wani ɓawo ya ɗago kamar na albasa, kaurinsa bai wuce tafin hannuna ba. Na ga wani rami zagayayye kamar turmi, da tsakuwa uku a ƙasansa, su ne ruwa ke juyawa shekara da shekaru har suka haƙa shi. Ƙurar hunturu kuwa a saman dutsen kawai ta kwanta, ja-ja, gefen da ke tsaye babu ko ɗigo.

Wani dattijo yana wanke darduma kusa da ni. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina ruwan nan yake kaiwa da damina?" Ya nuna min wani baƙin zane da ya kewaye dutsen, ya ce, "Ɗana, ka ga can? Nan yake kwana." Ƙasa da zanen launi daban, sama da shi launi daban. Ban taɓa sa irin wannan a aikina ba.

Da na ɗaga kai kuma, bishiyoyin tsallaken kogi sun dusashe cikin hazo, kusan fari. A hotona kuwa dutsen nesa da na kusa duk ƙarfin launinsu ɗaya.

Wuta ta dawo bayan magariba. Na goge fiye da rabin ramukan, na bar manyan wurare sumul, na yanka tsaga biyu da hannuna. Na sa launin ƙura ya sauka a fuskokin da ke kallon sama kaɗai, na jawo baƙaƙen layuka daga ƙoƙuwa zuwa gindi, ta inda ruwan sama zai bi. Na rage sheƙi, domin busasshen dutse ba ya walƙiya. Rana na sauko da ita ƙasa kamar ta la'asar, nan take inuwa ta fito da kowace tsaga. Sannan na zuba hazo kaɗan a baya.

Na fitar da ƙaramin gwaji a Cycles, sashen Blender da ke fitar da hoto, na kira ƙanwata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yanzu kam dutse ne, amma ban san girmansa ba." Gobe in Allah ya kai mu zan dasa tsamiya a gindinsa, in sa akuya biyu a kan falalen. Babban hoton na bar shi yana fita, Allah ya sa wutar ta kai asuba.