Abin da ramin ƙanƙara ya koya mini game da wankan jego

Duk wanda ya yi karatun likita a Rasha ya san daren 18 zuwa wayewar 19 ga Janairu. A ranar ce Kiristocin Otodoks ke tunawa da baftismar Annabi Isa, alaihis salam, a kogin Urdun bisa aƙidarsu. Sai a fasa ƙanƙarar da ta rufe kogi, a yanke rami mai siffar gicciye, limamin coci ya yi addu'a, mutane su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nutse sau uku ya fito. Tsofaffi ne, matasa ne, har da mata, a sanyin da yake daskarar da gashin hanci.

A aji an koya mana abin da jiki ke yi a wannan hali. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Amma babban haɗarin yana cikin mintin farko: mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, jijiyoyin fata su tsuke, jini ya hau, zuciya ta shiga gudu. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. In zuciyar dama mai rauni ce, tana iya tsayawa. Binciken Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya nuna cewa shiga biyar ko shida na ɗan gajeren lokaci na rage wannan firgita da kusan rabi. Shi ya sa mutumin Finland da ya saba fitowa daga ɗakin turiri ya faɗa tafki kowane mako ya fi samun sauƙi a kan mai shiga sau ɗaya a shekara, balle in mai shiga sau ɗayan ya sha giya da sunan ɗumama jiki.

Abin da ya tsaya mini a rai a bakin kogin shi ne yadda hukuma ta ɗauki lamarin. Ba ta hana ba. An kafa matakalar katako mai abin dafawa, jami'an ceto na tsaye a bakin ramin, ga tanti mai ɗumi da shayi, ga motar asibiti a kunne. Ana ta jan kunnen masu ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya da masu juna biyu kada su shiga. Malaman cocin ma kan faɗa cewa al'ada ce, ba wajibi ba.

Haka abin yake a wurare da dama. A Kalofer ta Bulgeriya maza na rawa a cikin kogin Tundzha ranar 6 ga Janairu, a Japan mabiya Shinto na kwarara wa kansu ruwan ƙanƙara don tsarkakewa. Babu inda mutane suka bar abin da suka gada don likita ya ɗaure fuska.

Da na dawo gida na fara aiki, sai na tarar da tamu al'adar, wadda ita ta zafi ce. Mai jego na wanka da ruwa mai ƙuna safe da yamma har kwana arba'in, ana fyaɗa mata shi da ganyen darbejiya, tana shan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta a Zariya cewa wannan zafin da gishirin da ke cikin kanwa na da hannu a gazawar zuciya bayan haihuwa. Daga baya bincike a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin selenium. Ko ma dai yaya, zuciyar da ta gama ɗaukar ciki ba ta buƙatar ƙarin nauyi.

Na ga yadda ake cewa "a daina" kawai, tsohuwa ta ce to, ta koma gida ta hura wuta. Ba taurin kai ba ne, 'yarta take so, haka aka yi mata ita ma. Don haka nakan sa a kira mini mai dafa ruwan.

"Hajiya, ke ce ke mata wankan?"

"Ni ce, Likita. Mu ma da shi muka tashi."

"Allah ya saka da alheri. Ba cewa zan yi ki bari ba. A surka ruwan sosai, ki tsoma gwiwar hannunki. In ke ba ki jure ba, ita ma ba za ta jure ba. Kanwar a rage ta."

Sannan in lissafa mata abin da za ta sa wa ido: kumburin ƙafa, haki ko da zuwa banɗaki ne, tarin dare, kasa kwanciya sai an jingina ta da matasai. Mai hawan jini ko wadda ta yi jijjiga wajen haihuwa kuwa, ita kam nakan ce ruwan ɗumi kawai, babu kanwa sam, kuma su dawo a gwada jininta kafin suna.