Albasar da ta ruɓe mini a ɗaka

A ƙauyenmu da ke gefen kogin Mayo Tsanaga, kusa da Marwa a arewacin Kamaru, babu magidancin da ke dogara da gona ɗaya. Da damina ina noman auduga, wadda kamfanin auduga na Sodecoton ke saye bayan ya cire bashin taki da magani, idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba kuma mu dasa masakwa, wato dawar rani, domin cimakar gida, ga raguna uku da nake turkewa saboda Babbar Sallah. Auduga da masakwa sun yi kyau bara. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne albasa.

Na daɗe ina lura da yadda farashinta ke faɗuwa warwas a watan Maris, lokacin cira, sannan ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen damina, sa'ad da masu kai ta Yawunde da Duwala ke neman ta ruwa a jallo. Sai na sayar da ragunan tun ba su yi ƙiba ba, na kama hayar fadama da injin ban ruwa, da niyyar ajiye buhu 30 har Satumba. Kwaɗayin samun albasa mai manyan 'ya'ya ya sa na zuba takin yuriya fiye da kima, na kuma ci gaba da ban ruwa har kwana uku kafin cira. Wani dattijo maƙwabcina ya ce mini, "Ɗana, janye mata ruwa, ka bar wuyanta ya kwanta ya bushe." Na ce, "To, Baba," amma ban yi ba.

Na tula ta a ɗaki mai rufin kwano wanda iska ba ta ratsa shi. A watan Yuni wari ya fara fitowa, da na danna wuyan wata da babban yatsa sai ruwa ya tsatso. Buhu 11 kawai na tsira da su, su ma na sayar a wulaƙance, ga shi Sallah ta zo ba ni da ragon sayarwa ko ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da maiɗakina ke yi, sana'ar da na daɗe ina rainawa, da adashin da take zubawa duk mako, su suka biya wa yara kuɗin makaranta a Satumba. Bana ban taɓa raguna ba, na rage fadamar zuwa rabi, na janye ruwa mako biyu kafin cira, na kuma kafa rumfar zana da gadon kara inda nake baza albasar ina juya ta duk bayan kwana biyu.