Fuskar jarumi nake fara duba a finafinan rushewar duniya

Akwai irin finafinan nan da ake nuna duniya ta lalace, gwamnati babu, ruwa ya ƙare, man fetur ya fi ran mutum tsada, kowa ta kansa yake yi. Yaran kartiyen mu a nan Garwa suna son su sosai saboda harbe-harbe da tseren motoci, ni kuma abin da nake fara kallo shi ne fuskar jarumi, musamman leɓensa da haƙoransa da bayan wuyansa. In aka ce min mutum ya yi kwana uku yana tafiya a sahara ba ruwa, sannan na ga leɓe sumul yana sheƙi, haƙora fari tas, to wallahi fim ɗin ya fita a raina ko da miliyan nawa aka kashe masa.

Mu ai mun san ƙura. Duk wanda ya yi hunturu tsakanin Marwa da Kusiri ko ya sha zafin watan Maris da Afrilu a bakin Binuwai ya san ƙura ba shafa ta ake yi a kumatu ba, shiga take yi. Tana zama a gashin ido, a cikin kunne, a layin wuya inda zufa ta bi ta bushe ta bar fari, ga faso a dunduniya, ga kaushi, ga leɓe ya tsage a tsakiya har in mutum ya yi dariya sai jini ya ɗan fito. Mai kwalliyar fim da ya san aikinsa waɗannan wuraren yake bi, kuma shi ya sa nake ganin a irin wannan fim mai kwalliya ma labari yake bayarwa, tun kafin jarumi ya buɗe baki fatarsa ta gaya maka tun yaushe rabonsa da wanka da abinci da barci.

Wanda ya fi burge ni a nan shi ne Mad Max: Fury Road na George Miller da ya fito a 2015. Da farko a Broken Hill ta Ostireliya aka so a ɗauke shi, sai aka yi ruwan sama mai yawa wurin ya yi kore har da furanni, dole suka kwashe kaya suka koma hamadar Namibiya. Ka ga ke nan tun daga nan ƙurar ta gaske ce, motocin ma na gaske ne aka ƙera aka riƙa kifar da su. Mayaƙan nan da aka shafe da fari tun daga kai har ciki, ido ya faɗa an zagaye shi da baƙi, leɓe duk tabo, kana ganinsu ka san marasa lafiya ne da ba za su daɗe ba, ba sai an tsaya yi maka bayani ba. Jarumar fim ɗin Charlize Theron, wadda ta fito a matsayin Furiosa, kuma aske kanta ta yi, aka shafa mata baƙi a goshi kamar baƙin mai na gareji. Lesley Vanderwalt da Elka Wardega da Damian Martin sun ci Oscar ta kwalliya a 2016 da wannan aikin, cikin guda 6 da fim ɗin ya kwasa, kuma ni dai ban ga wanda zai ce ba su cancanta ba.

Kar wani ya ɗauka ina gaba da kwamfuta ne. A fim ɗin nan ma an yi amfani da ita sosai, hannun hagu na Furiosa da ya guntule ai koren safar hannu ta saka aka goge shi daga baya, guguwar ƙurar nan mai tsawa ita ma aikin kwamfuta ce. Amma an ɗora ta ne a kan abin da kyamara ta riga ta gani. Inda nake samun matsala shi ne in aka ce kwamfuta ta ƙirƙiri fatar mutum gaba ɗaya. A fim ɗin I Am Legend na 2007 da mutane aka fara ɗaukar dodannin da ke cikinsa an yi musu kwalliya, sai darakta ya canza shawara aka mayar da su na kwamfuta, kuma har yau in ka kalla garin New York da ciyawa ta cinye yana nan da kyansa yana ba da tsoro, amma da zarar dodannin sun fito sai jikinka ya yi sanyi don fatar ba ta da nauyi, baki yana buɗewa fiye da yadda muƙamuƙin ɗan Adam zai iya.

Aikin hannun kuwa wahala ce zalla. In za a yi wa mutum babban rauni ko a canza masa fuska, sai an fara ɗaukar siffar fuskarsa da irin abin nan da likitan haƙori ke ɗaukar siffar haƙora da shi, a zuba filasta a samu kwafin fuskar, a gina raunin a kai da yumɓu, a sake yin wani mazubi, sannan a zuba silikon ko roba ko jelatin. Bakin abin sai ya yi siriri ƙwarai yadda in an manna shi da gam na musamman ba za ka ga inda ya haɗu da fata ba. Jarumi zai zauna awa da awanni tun asuba ana manna masa ana fenti, gobe kuma a sake sabo don yawanci in an cire ya lalace. Fentin ma akwai wanda sai da sifirit yake narkewa, saboda kar zufa ta wanke shi a rana. Zufar da kake gani a goshi sau da yawa gilisarin ne da ruwa. Jini kuma tsohuwar dabara ce, ruwan sukari mai kauri na masara da kalar abinci, kuma kala-kala ake yi, don sabon jini daban, wanda ya kwana ya bushe ya koma ƙasa-ƙasa daban. Tom Savini da ya yi kwalliyar fim ɗin Dawn of the Dead a 1978 mai ɗaukar hoto ne a yaƙin Biyetnam, ya ga rauni na gaske da idonsa, shi ya sa nasa ya fita daban.

Sai wani abu da mutane ba sa lura, fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, yau a ɗauki ƙarshe jibi a ɗauki farko, don haka kullum sai an ɗauki hoton ciwon an ajiye, a san yau kwanansa biyu ne ko ya fara ɓawo. Kaya ma haka, sabuwar riga ake samu a goge ta da sanfefa, a jiƙa a ruwan shayi, a yaga gwiwar hannu da wuya inda riga ke fara mutuwa.

Abin da ke damuna, kuma da gaske yake damuna, yawancin dabarun nan da ake koyarwa a YouTube a kan farar fata aka gina su. Bature in wani abu ya buge shi wurin ja yake yi, ya koma shuɗi, ya koma ɗorawa. Mu ba haka ba ne, namu kumburi ne da duhu da ɗan sheƙi, bushewa kuma furu-furu take sa mu, tabo wani ya yi baƙi wani ya taso ya yi tudu. Sai ka ga yaranmu masu ɗaukar gajeren fim da waya sun kwafi na Turawa sun zuba ja jawur a kumatu, abin bai zauna ba. Alhali mu a yankin nan mun ga fuskar wanda ya yi tafiyar ƙafa yana gudun tashin hankali, tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013 babu wanda zai ce bai san yadda gajiya da yunwa ke zama a idon mutum ba. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma in za a nuna shi a fim to a nuna shi daidai, da mutunci.

Kayan farawa kuma ba sai an yi odarsu daga Faransa ba. Farar ƙasa da aka tankaɗe tana ba da ƙura, garin gawayi kaɗan a ƙarƙashin ido yana sa shi ya faɗa, zuma da kalar abinci da ɗan garin koko suna ba da jini mai duhu da ya dace da fatarmu, jelatin na kanti ana iya yin ƙuna da shi, duk bai wuce 'yan sefa kaɗan ba. Roƙona ɗaya ga ƙannena masu wannan harka, don Allah kar ku manna komai a fuskar mutum da gam ɗin gyaran takalmi, kar ku shafa masa baƙin mai na gaske ko fentin gini, kar ku bar jelatin da zafinsa ya taɓa fata, kuma duk abin da kuka haɗa ku fara gwada shi a bayan hannu tun ana gobe za a fita ɗauka.