Ɓarayin daji ko 'yan ta'adda? Gardamar majalisarmu ta jiya

Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu ta unguwar Mabera a Sakkwato tsakanin wani dattijo malamin makaranta da ƙanena da ke karatun lauya, har shayi ya huce ba wanda ya kula. Malam ya ce su Bello Turji 'yan ta'adda ne, magana ta ƙare, tunda babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su haka tun Nuwamban 2021. Ƙanena ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗan ta'adda yana da aƙida ko wata manufa ta siyasa, waɗanga kuwa kuɗi da shanu suke bi." Sai ya kawo yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Falamo a Italiya, ta 2000, wadda ta ce gungun masu laifi shi ne mutum 3 ko fiye da suka ɗauki lokaci suna aiki tare wajen aikata manyan laifuka don samun abin duniya.

Ni kam wallahi gefen yaron na fi karkata, duk da ban manta motar fasinja da aka ƙona da mutane ciki a yankin Sabon Birni a Disamban 2021 ba, wanda duk ya kira wannan ta'addanci bai yi ƙarya ba. Damuwata ita ce in muka tsaya ga kalmar ta'adda to idonmu ga mai bindiga cikin daji kawai zai tsaya, sai a tura jirgi a yi ruwan bama-bamai a dawo, alhali sana'ar tana da masu ita a gari. Wa ke kai musu man fetur cikin jarka? Wa ke kai burodi da ƙwaya da katin waya, wa ke sayen shanun sata da araha ya loda su a tirela, wane infoma ne ke faɗa musu wane ya sayar da albasa jiya yana da kuɗi a ɗaki? Gwamnati ma ta gane haka, shi ya sa a 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi da dama aka hana sayar da mai a jarka, sai dai talaka ne ya fi jin jiki.

Lakurawa, 'yan bindigar yankin Tangaza da Gudu, kuma nasu daban ne, suna wa'azi suna karɓar abin da suke kira zakka, ba za ka zuba su tukunya ɗaya da masu kuɗin fansa ba.

Wani ɗan uwanmu daga Isa da ke zaune gefe bai ce uffan ba sai da za mu watse, ya ce garinsu sun haɗa kuɗi sun biya kafin a bar su su shiga gona, kuma wanda ya kai kuɗin daji ɗan garin ne, kowa ya san gidansu.